Furar da Liman Ya Sha a Ibadan

Yaya Almu,

Assalamu alaikum. Ya Suwaibatu da yara? Gero ya yi kuwa bana? Ni lafiya lau, ƙafar ce kawai ke kumbura in na daɗe a wurin sayar da fura.

Saƙonka ya iso, wai in yi shiru, naman malamai guba ne. Ba zan yi ba. Liman Jabiru ya gaya wa 'yan sanda ɓarayin daji sun riƙe shi sati uku, kuma wai ɗana Ɗanlahadi ya nuna masu gidansa. Yaro na tsare a Ƙanƙara, kai kana sallah bayan mutumin.

To ka ji. Juma'a ta biyu cikin satin ukun, Liman ya tsaya gaban ƙwaryata nan unguwar Sabo ta Ibadan, ya ce a dama mashi ba sukari, yadda ya saba. Ba ya ɗaga kai ya dubi mace, shi ya sa bai gane ni ba. Ni na gane shi.

Kai takardar nan ga masu binciken. Da hannuna na rubuta, in sun kira zan zo. In ka ɓoye ta, Yaya, kada ka sake aiko mani gaisuwa.

Allah Ya fiddo mani ɗana.

Ƙanwarka,
Kulu