Kada a Kashe Kyandir ɗin Jakadiya Herminia

Cikin alhini, da tsoron da ba za mu ɓoye wa kowa ba, Ƙungiyar Iyalan Masu Neman Mafaka ta birnin Puerto Almagre ta samu labarin rasuwar Mai Girma Jakadiyar ƙasar maƙwabtanmu ta arewa, fasihiyar mawaƙiya, uwar marasa gata, Doña Herminia Zalduendo, wadda ta yanke jiki ta faɗi a matakalar gidanta ranar Talata da hantsi tana ɗauke da bargunan baƙinta, ba ta sake tashi ba. Likita ya ce zuciya ce. Mun karɓi maganar likita, kuma muna roƙon masu bin irin wannan sanarwa da jan biro su lura cewa ba mu ƙara komai a kai ba.

Marigayiya ta fara aiki ne tana malamar firamare a wani ƙauyen masu haƙar ma'adinai can kan duwatsun ƙasarsu, kuma a nan ta rubuta waƙoƙinta na farko a kan matan da ke tsayawa bakin rami suna jiran fitowar mazansu, waƙoƙin da yau da wuya a samu ɗan makaranta mai jin Sifaniyanci da bai haddace ko baiti ɗaya a ciki ba. Daga aji gwamnatinsu ta ɗauke ta zuwa aikin jakadanci, ta yi ƙaramar jakadiya a biranen gaɓar teku daban-daban kafin Allah ya kawo mana ita. Gajeruwar mace ce mai kaurin murya, ko ƙwai ba ta iya soyawa ba, sigari ba ya barin hannunta, kuma ministoci da dama sun gwammace zazzaɓi da zama teburi ɗaya da ita.

Da sojoji suka karɓi mulki a ƙasar nan tamu, mutane suka fara ɓata a tashar mota da ƙofar makaranta, sai ta buɗe gidanta bisa tsohuwar al'adar ƙasashenmu ta cewa wanda ya shiga gidan jakada ya tsira. Yau akwai fiye da mutum talatin a ciki: malamai, ma'aikatan ɗab'i, wata yarinya mai tsohon ciki, da mijina Don Evaristo Luján, wanda ni mai wannan sa hannu, kafin makokin nan, ba na ganinsa sai ta taga. Motar sojoji kuwa ba ta taɓa barin bakin ƙofar ba. Kowace safiya marigayiya takan fita da butar kofi ta ce wa shugabansu, "Kyaftin, ɗana, kurɓi wannan, tsayuwar banza ciwon baya take kawowa. Amma takalmin nan naka ba zai taka mini dakali ba." Mukan yi dariya daga tsallaken titi. Yanzu wa zai faɗa masa haka?

Ba a kai ga sa ta a akwati ba sai ga sanarwa a rediyo, wai mafakar da ta bayar, da sunanta ta bayar, don haka ta mutu tare da ita. Ƙasarta ba ta naɗa wani ba tukuna, mataimakinta kuma mun ji an ce hutu ya kama shi ba zato. Abin da ya rage tsakanin mutanenmu da motar nan shi ne kyandir guda da ke ci a falonta, kan teburin da aka lulluɓe da baƙin yadi, gefen hotonta da kofin ruwa. Kowa ya san dokar kakanninmu: muddin kyandir ɗin makoki na ci, gida na mamaci ne, ba a shiga da makami, in ɗaya ya ƙare a kunna wani daga jikinsa, kuma babu mai ikon kashe shi, limamin coci ne ko janar, sai ɗan'uwan mamaci mafi kusa, da hannunsa, a rana ta tara. Jiya shi kansa Kyaftin ya ajiye bindiga a waje, ya cire hula ya shigo ya durƙusa. Allah shaida, bakinsa na addu'a idonsa na bin fuskoki ɗaya bayan ɗaya.

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga ɗaukacin iyalan Zalduendo, musamman ƙaninta, Mai Girma tsohon alƙali Don Anselmo Zalduendo, wanda muka ji yana hanya domin rufe makokin, muna addu'ar Ubangiji ya ba ta hutu madawwami, ya ba su ƙarfin zuciyar ɗaukar wannan rashi. Ga jama'ar gari kuma, ku zo zaman makoki, ku cika gidan, kowa ya riƙo kyandir daga ɗakinsa ko da guntu ne, domin tun jiya duk shagon da muka shiga sai a sunkuyar da kai a ce ya ƙare.

Ranka ya daɗe Don Anselmo, mun san nauyin abin da za mu roƙa, kuma da kunya muke roƙonsa. Tsofaffinmu sun ce ran mamaci ba ya samun hutawa sai an kashe masa kyandir, ke nan muna neman ka jinkirta wa yayarka hutunta, bayan duk tsayuwar da ta yi mana. Amma ka san halinta fiye da mu. In ka iso ka zauna, ka sha kofi, ka yi kukanka, mu taya ka. Sai dai don Allah, don darajar uwar da ta haife ku, kada ka kai hannu ga kyandir ɗin nan sai an ba mutanenmu izinin fita ƙasar. Ranar da ka hura shi, kafin hayaƙinsa ya kai rufi sun shigo.

Shugaban ƙungiya da sakatarenta sun nemi a sakaya sunayensu, kuma ban ga laifinsu ba. Nawa an riga an san shi.

Sa hannu:
Señora Casilda Urrutia de Luján
Mai Magana da Yawun Ƙungiyar Iyalan Masu Neman Mafaka, Puerto Almagre