Farantin da Ka Sa Na Ɓoye

Margilan, 9 ga Oktoba

Zuwa ga ƙanena Davron,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar 'yar'uwa, da fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da Nodira da yara. Allah ya sa sanyin Busan bai fara takura muku ba, ya kuma tsare hannunka daga injinan masana'anta. Mu nan lafiya lau. Rumman ya nuna har yana tsagewa a bishiya, Gwaggo Zulaiho ta warke daga ciwon gwiwa, bakinta ne dai har yanzu ba a samo maganinsa ba. Na zaɓi takarda ne saboda a waya kana katse ni, a nan kuwa dole ka jira in kai aya.

Wata goma sha takwas ke nan da rasuwar Baba Sotiboldi, wanda ya yi shekara arba'in da ɗaya yana tsayawa kafaɗa da kafaɗa da Babanmu suna karɓa wa juna waƙa. Da zuciyar Baba ta fara ciwo ka ce in ɓoye farantin da yake riƙewa kusa da bakinsa yana juya murya da shi idan zai rera, na cusa shi ƙarƙashin barguna. Ka kama masa gida a hawa na tara a Tashkent kusa da asibiti, ka ce ƙarshen watan nan a kai shi, na ce to. Shekara ashirin da shida ina koyar da adabi, ga ni ina bin umarnin mutumin da bai taɓa kai littafi ƙarshe ba! Tun daga lokacin Baba ya koma zama ƙarƙashin rumfar inabi, ko atishawa ba ya yi da ƙarfi.

Ranar Juma'a bayan masallaci abokansa suka dafa masa shinkafar bankwana a gidan shayin bakin rafi. Ina cikin duba takardun ɗalibai Gwaggo ta faɗo tana haki, ta ce Mirzakarim yana can yana tsokanar Baba. Ka tuna shi, wanda ya taɓa cewa muryar Baba ƙofa ce da ba a sa mata mai ba, Baba kuma ya ce tasa ta mai neman ɓataccen rago ce. Tun kafin a haife ka ba sa gaisawa. Na yafa gyale, na jefa ƙwayoyin maganin Baba a aljihu, na tafi ina tsara abin da zan wanke tsohon da shi.

Na isa na tsaya bayan babbar bishiyar nan. Mirzakarim yana shelanta wa jama'a wai ya ji za a rataye Abdujalil, wato Baba, a sama kamar kankanar da ake ajiyewa don hunturu, wai kuma 'yarsa ta ƙwace farantin don ta ji ƙan kunnuwan garin. Baba ya ce mai haƙori uku bai kamata ya riƙa wage baki a gaban mutane ba. Aka fashe da dariya. Sai na ga Baba ya miƙa hannu ya ɗauki farantin zabibi, ya juye shi a kan shimfiɗa, ya goge da hannun riga, ya miƙe tsaye.

Davron, ban san yadda zan rubuta maka wannan ba. Babu kiɗa, babu lasifika, tsoho ne kawai da farantin gidan shayi. Ya fara can ƙasa kamar mai magana da kansa, sannan ya karkata farantin, sai muryar ta tsallake ruwa ta dawo mana daga ɗaya gaɓar. Baitocin nan na san su, na ja musu layi a allo sau ba adadi, na rage wa yara maki a kansu. Baba ya tsaya a kan kalma ɗaya tsawon lokacin da ni nake karanta shafi guda, ya juya ta, ya ɗaga ta, sai na gane ban taɓa sanin abin da ke cikinta ba. Mai dafa shinkafa ya tsaya da ludayi a sama, mai yana bin hannunsa bai ji ba.

Sai aka zo ƙololuwar waƙar, inda ba wanda yake hawa shi kaɗai, inda Baba Sotiboldi yake karɓa. Na ga jijiyar wuyan Baba ta tashi, muryar ta sirance kamar zaren alharini, hannuna na kan ƙwayoyin. Amma zaren bai tsinke ba. Sai da na kalli bakin Baba na ga numfashi yake ja, sautin kuwa yana ci gaba da hawa. Mirzakarim ne a kafaɗarsa, da murfin tukunya a bakinsa, ya karɓa daidai wurin, ko kunnen da ya fi kowanne kaifi ba zai ji mahaɗar ba. Ashe shekara arba'in da ya yi yana zagin Baba, sauraronsa yake yi, har ya san inda numfashinsa yake ƙarewa. Da suka haɗa murya biyu a ƙarshe, sai na ga ina zaune a ƙasa, ban san lokacin da na zauna ba.

Da suka gama na fito na riƙe hannun Baba, zuciyarsa tana dukan tara-tara, na ba shi ƙwaya. Mirzakarim yana share ido ya ce ƙofar har yanzu tana ƙara, amma dai ta buɗe. Baba ya ce ya makara da rabin numfashi, Sotiboldi ba zai yi wannan abin kunya ba, ya zo gida ranar Talata a gyara masa. Sannan ya juyo gare ni a gaban kowa, ya ce malama ta faɗa masa inda farantinsa yake.

Ba zan yi maka ƙarya ba. Na kai shi wurin likita ranar Litinin, ta ce zuciyar tana nan yadda take, haɗarin ma yana nan, ya riƙa taƙaitawa yana hutawa. Ina jin tsoro kamar yadda kake ji, na ma fi ka, don ni ce nake kusa. Amma ni na kalle shi wata goma sha takwas yana dusashewa a shiru, kai kana yaba mini a waya wai ya samu hutu. Ka mayar wa mai gidan Tashkent mabuɗinsa. Baba ba ya zuwa ko'ina. Ranar Talata Mirzakarim ya zo, sun yi waƙar rabin awa da zagin awa biyu, kuma Baba ya cinye abincinsa tas.

Ka gaida Nodira, ka sumbaci Iroda da Sanjar. Gwaggo Zulaiho tana gaishe ku, Baba ma haka. Farantin yana kan tebur kusa da tabaraunsa. Idan kana so a sake ɓoye shi, ka zo ka karɓa daga hannunsa da kanka.

Yayarka da ba ta huce ba tukuna,
Mavluda