Cekin Alhaji da shanun Baba Ma'aji

Assalamu alaikum Malam Edita, tare da masu karanta wannan shafi. Ina gaishe ku da aiki. Don Allah a sakaya sunana da na garinmu. Wanda kuma bakinsa ke ƙaiƙayin zagina ya daure ya kai ƙarshe tukuna, domin duk abin da zai ce mini na riga na faɗa wa kaina wanda ya fi shi muni.

Ni malamin firamare ne a wani gari na ƙasar Faskari, ba nisa da Daudawa, kuma ni ne magatakardan ƙungiyarmu ta taimakon kai da kai. Akwai rafi tsakaninmu da hanyar mota. Da damina in ya kawo, da mai naƙuda da mai buhun taki duk sai su zauna a gaɓa suna kallon ruwa, shi ya sa muka ce za mu yi gada. Ma'ajinmu dattijo ne, aminin marigayi mahaifina, zan kira shi Baba Ma'aji. Bai san boko ba ko kaɗan, amma rabin garin a ɗakinsa suke ajiye amanarsu. Yadda yake tara gudunmawa kuwa, da kaka kowane gida dami ɗaya na dawa, ranar awon auduga ya shimfiɗa buzunsa a bakin fuloti, kowa ya karɓi kuɗinsa ya ajiye abin da ya sawwaƙa tun da ɗuminsa, ranar Juma'a kuma in an sauko ya miƙe ya ambaci sunan kowa ya sa masa albarka, har tsohuwar da ta kawo ƙwai uku. Da haka, cikin kaka biyu, aka yi gayya aka tsayar da ƙafafun gadar nan biyu, saura shimfiɗa ta sama.

Sai aka tura ni kwas Kaduna na wata uku, na dawo da wando mai faɗin ƙafa da kai cike da iska. Can na ga yadda ake ƙaddamar da gidauniya, a kafa rumfuna, a kawo lasifika, manya su zo cikin marsandi, babban mai ƙaddamarwa ya ambaci kuɗin da zai sa hular mutum ta faɗi. Na dubi buzun Baba sai na ji kunya ta kama ni. Ƙasa tana iyo cikin kuɗin mai, direban tifa ma yana kyautar naira biyar, mu muna nan muna bin ƙwai? Na faɗi haka a taro, matasa suka tafa mini. Baba ya ce, "Ɗan Malam, wanga abu da kake hwaɗi, in sun zo sun tahi, su ka ƙetara rahin ko mu?" Aka yi dariya, ni kuwa na ce a raina tsufa ne da ƙauyanci.

Na tafi Funtua wajen wani ɗan garinmu da kwangila ta buɗe wa, wanda rabonsa da gida tun yana tallan kananzir. Na same shi ya baje a kujera, fanka biyu na kaɗa shi, yana sakace da tsinken ashana. Yana jin buƙatata ya ce, "Malam, bari in koya maka sana'ar. Ni zan buɗe da dubu goma, in ba da ceki gaban jama'a. Sauran in sun ji, kunya za ta sa su zuba. In an watse ka maido mani takardata. Ku kun samu, ni na samu suna, wa ya yi asara?" Kujerar kansila yake hari, na sani sarai. To me na ce? Na ce, "Allah ya ƙara girma, Alhaji." Ni da nake tsayawa gaban yara kullum ina koya musu illar ƙarya, har da rusunawa.

Ranar taro an ci shinkafa, an sha lemon kwalba, maroƙa sun samu kasuwa. Rumfuna da abincin nan duk daga dawar talakawa aka biya su, wadda aka tara don rodi da siminti. Wani manomi daga wajen Mairuwa ya jawo tunkiya zai bayar, na tare shi na ce ya zagaya da ita baya kada ta ɓata mana fili gaban baƙi. Alhaji ya karɓi lasifika ya ce dubu goma, gari ya ɗauki guɗa, ya sa ambulan mai ɗauke da cekin a hannun Baba gaban kowa. Baba ya riƙe shi da hannu biyu yana hawaye. Sauran manyan kuwa ashe duk makaranta ɗaya suka yi, wannan ya ce zai aiko, wancan ya ce a same shi ofis, suka kaɗe riguna suka shige motoci. Bayan La'asar Baba ya miƙo mini ambulan ya ce in kai banki tunda ni na san kan takarda. Washegari na mayar wa mai shi.

Abin da kwanyata ta boko ba ta hango ba shi ne, daga ranar ba wanda ya sake kawo ko zangarniya. Da kaka Baba ya zagaya neman dami, aka ce masa, "Haba Baba, bayan dubu goma kuma?" Mutanen da suka ɗauki dutse a ka don gadar nan suka koma 'yan kallo, suna jiran aikin Alhaji. Na bi masu alkawari har takalmina ya cinye, wani masinja ya ce mini maigida ya tafi Ikko, alhali ina jiyo dariyarsa a ciki. Damina ta zo ta wuce, ga ƙafafun gada tsaye, awaki na shan inuwa a gindinsu. Sai magana ta fara yawo, wai ai a hannun Ma'aji aka sa kuɗin. Kuma ku ji mutanenmu! Mutumin da ya riƙe musu amana tun kafin a haifi wasunsu, ko allura ba ta taɓa ɓata ba, rana ɗaya suka yi layi a ƙofarsa kowa na karɓar ajiyarsa, har da masu kwance ƙulli su duba a gabansa. Amma in marsandin Alhaji ta shigo gari, su ne masu gudu a bayanta. Shi kuma ya sauke gilashi ya ce, "Ni dai na yi nawa," ya ɗaga. Ina raina su, wallahi ina raina su, sai in tuna duk cikinsu ba wanda ya san gaskiya ya yi shiru sai ni.

Kullum ina jiran ranar da Baba zai ce ai Ɗan Malam na ba. Bai faɗa ba. Shekaranjiya da hantsi na same shi a turke yana shafa shanunsa na huɗa guda biyu, su ne duk abin da ya mallaka, da su yake noma abin da gidansa ke ci. Ya ce ranar Juma'a mai zuwa zai sa a kai su kasuwa, ya miƙa wa ƙungiya kuɗin, abin da ya saura kuma ya sayar da gona ya cika. Na ce, "Baba, ai ba kai ka ci ba." Ya ce, "A hannuna anka sa, gaban mutane." Na buɗe baki, ya ɗaga mini hannu. "Kak ka ce komi. Ko takardar ɓacewa ta yi, ko wata lalura ta taso maka, ban tambaye ka ba. Kai aikin gwamnati gare ka da ƙananan ɗiya, in sunanka ya ɓaci ka tashi. Ni mi ya rage mani? Ubanka ya bar mani kai." Wato ya ɗauka ni na ci, kuma a haka yake rufa mini asiri.

In na miƙe a masallaci na faɗi gaskiya, Alhaji zai ce bai san zancen ba, ba ni da shaida ko ɗaya, kuma yanzu kansila ne, da ɗan yatsa zai sa a jefa ni makarantar da ko keke ba ya zuwa, in ma ba a kore ni ba. Ƙungiyar kuma ta mutu ke nan, don wa zai sake ba da dami bayan ya ji magatakarda ne ya shirya wasan? Masu shirin kafa rumfa a garuruwanku, ku dube ni ku ɗauki darasi: kada ku shelanta abin da bai shiga hannu ba, kada ku kori mai tunkiya. Amma ni ba wa'azi na zo yi ba, ban kai ba. Yau Talata. Na ga dillali ya fito daga gidan Baba ɗazu, har ya duba haƙoran shanun.

Jama'a, don girman Allah, me zan yi?