Kuskus ɗin Maroko ya ɗauke mana uba, yanzu ana kirana in zo in ci

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, tsoho ne ni, na haura saba'in, malamin lakwal ne, wato makarantar boko, da ya yi ritaya a Dogon Dutsi, amma abin nan ya fi ƙarfin shekaruna.

Zamanin Nasara aka ɗauki babanmu soja daga ƙauyenmu kusa da Geceme, ina goye. Faransawa suka kai shi Maroko. Can ya kwanta ciwo, wani mai gasa burodi da ke kai musu burodi bariki ya riƙa kawo mishi wata miya da suke kira harira har ya miƙe, daga nan ya zama ɗan gida, duk Juma'a can yake cin abinci. Ina da shekara bakwai ya dawo, da butar shayi da wata tukunyar ƙasa mai murfi kamar malfa mai tsini, tajin sunanta. Innarmu ta yi guɗa har muryarta ta dishe.

Damina ɗaya ya yi da mu. Ba ya duka, ba ya zagi, amma ba a taɓa ajiye ƙwarya gabanshi bai kawo zancen Maroko ba. Wai can kuskus, wani irin dambunsu na alkama, ake tulawa a tire guda, da kabewa da naman rago, mai gida na tura maka tsoka gabanka da yatsa yana cewa ci, ci. Wai baƙo ba a tambayar shi abin da ya kawo shi sai ya sha shayi mai na'ana'a kofi uku. Maza su taru gindin gawo suna haɗiyar miyau, Inna tana jin su daga bakin turmi.

Rannan ta ce za ta gwada. Ta yi dambun gero mai laushi, ta yanka zabuwarta guda ɗaya tilo, ta zuba a tukunyar tashi ta aza kan murhu. Ba ta san garwashi tukunyar ke so ba, wutar kara ta tsaga ta biyu, romo ya bi toka. Ta tsince naman ta wanke ta kai mishi. Ya dubi tukunyar, ya ci loma biyu, ya ce, "Kin yi ƙoƙari, Hajo." Ya wanke hannu. Da ya zage ta, ina ganin da ya fi mata sauƙi.

Ana gama yankan gero ya ce zai je Doso karɓar takardun sojanshi. Bai dawo ba. Ya bar Inna da cikin ƙanwata. Shekarar da ta biyo ruwa bai yi ba, anza muka riƙa jiƙawa kwana da kwanaki don ɗacin ya fita mu ci. Dangin baba suka ce ita ta kore shi da rashin iya girki, ta rayu da wannan maganar har ta rasu, kuma ko sau ɗaya ban ji ta zage shi ba. Ni na yi mata wannan aikin.

To watan jiya ɗiyata da ke aikin unguwarzoma ta zo mini da waya. Wata mata daga Maroko ta daɗe tana cigiya a Facebook da sunan ƙauyenmu. Ta turo hoto, tsoho cikin jallabiya, ga tsage irin namu na Arewa daga baki har kunne. Shi ne. Ashe Maroko ya koma, ɗiyar mai burodin ya aura, wannan matar ɗiyarshi ce, shi kuma baban namu ya rasu da daɗewa.

Mun yi magana ta bidiyo da Faransanci. Ta kira ni yayanta tana kuka. Ta nuna mini ɗakin da ta gyara, ta ce za ta aiko tikitin jirgi, in zo in ga kabarinshi, ta yi mini kuskus da hannunta. Sai ta ƙara da cewa wai duk Sallah sai ya kori kowa daga madafa ya tuƙa tuwo da kanshi, yana cewa babu abinci a duniya kamar na gida. Na kashe wayar ban yi sallama ba.

Ƙanwata, wadda ba ta taɓa ganin shi ba, ta ce in ban je ba ita za ta je, wai baiwar Allah nan ba ta yi mana laifin komi ba kuma zumunci wajibi ne. Na ce mata ba ta ga Inna ranar tukunya ba. Sati biyu ke nan ba ta gaishe ni.

Gaskiya ta faɗi, matar nan mutuniyar kirki ce, kullum sai ta aiko gaisuwa. Ni kuma ba jirgi nake tsoro ba. Tsorona in zauna gaban tiren nan, ta tura mini tsoka, in kai baki in ji da daɗi, in fara fahimtar shi. Ba na son in fahimce shi.

Jama'a, in je ko in bar ƙanwata ta tafi ita kaɗai? In na je na ci, na ci amanar mahaifiyata?