Dodon Kati Ya Zama Abin Dariya

Ƙanena,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna? Ka ce mata ina lafiya, hannuna ma ya fara sabawa da wankin kwanukan otal.

Wasanmu na kati da labari ne ya ishe ni. Na zana katunan, na tara abokan ɗakina, kowa ya zama jarumi. Ban kai su bakin kogon dodo a labarin ba wani ya jefa katin wuta, ya ce, "Na ci, a sake rabawa!" Yarensu kuma ya ƙi zama a bakina, in na yi muryar dodo dariya suke.

Don Allah ka turo min muryarka kana yin dodon. Zan ce musu don wasan ne, amma ni nake son ji.

Allah ya yi maka albarka.

Yayanka