Gyaran da Bature Ya Aiko

Daren Laraba, cikin Sha'aban, Daura

Baturen nan mai kula da direban katin sadarwa na Linux, wato manhajar da ke sa katin ya haɗa kwamfuta da intanet, ya aiko da gyaran da ya yi alkawari kan yankewar da layinmu ke yi. Shi ba shi da irin katinmu, don haka ni zan gwada, a kan babbar kwamfutar shagonmu na intanet da sauran kwamfutocin ke jan layi daga gare ta.

Ina ɗora gyaran, sai kwamfutar ta sandare. Ga Malam Lawal ya taso tun daga Baure da 'yarsa Hadiza, za ta yi rajistar jarrabawar shiga jami'a, gobe kuma ake rufewa. Bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Ɗana, mu kwana ko mu koma?" Na ce, "Baba, ku kwana." Ban san inda na samo wannan ƙarfin halin ba.

Na mayar da tsohon direban, na tura wa Baturen saƙon kuskuren da ƙyar, layi na yankewa. Bayan la'asar ya amsa cewa kuskuren nasa ne, ya aiko da wani gyaran. Da bismillah na ɗora shi.

Bayan magariba na aika aka kira su. Rajista ta shiga. Malam ya ninke takardar rajistar ya sa cikin hularsa, yana ta sa mini albarka.

Baturen yana tambaya ko gyaran ya yi. Ban amsa ba tukuna. Katin nan sai shago ya cika yake nuna halinsa, gobe kuwa, ranar rufe rajista, kowa zai zo.