Gawon Baba da Shahunan Fara

Zuwa ga Yaya Isuhu,

Gaisuwa mai tarin yawa. Ina fatan kana lafiya, kai da mai ɗakinka da yara. Yaya aiki, yaya sanyin Jos? Mu nan Malumfashi sai godiya, ƙafar Inna ma da sauƙi.

Yaya, gawon gonar Baba ya faɗi, kuma ba iska ce ta kayar da shi ba.

Ka tuna ƙananan shahunan nan masu jan baya da tsinin fiffike, da suke zuwa bayan an cire auduga, su riƙa kwana a kansa, su ɓace kafin damina? Baba yakan nuna mana yadda ɗaya zai tsaya cik a sama yana kaɗa fiffike, sai ya faɗo ya sure fara.

Bana 'yan tsaki suka yi ta ɓacewa, mata suka ce shahunan ne ke ɗauka. Ranar da na tafi kasuwar Kafur, Kawu Garba ya harbo ɗaya, ya sa aka sare gawon. Da na dawo na tsaga cikin tsuntsun a gabansa. Fara ce zalla, ko gashin tsako babu. Kawu ya ce, "Ashe shirwa ce ɓarauniyar." Na ce, "Kawu, ai da ka jira ni."

Jiya da yamma sauran shahunan suka yi ta kewaya kututturen. Yau ban ga ko ɗaya ba, shirwa kuwa tana nan tana ɗauka.

Ka gaishe min da Malam Tanko maƙwabcinka. A taya mu addu'a, don bana fara ba ta da mai tsawata mata.

Ƙaninka,
Audu